Man Gwaggo Sanatu

Fitila mai siffar zobe, sandar ɗora waya, farin labule yadi shida, furen roba, teburin aro. Su ne a bayan motar kayan da na bi a kan babur, daga unguwar Vittin zuwa Choggu, gidan Gwaggo.

Gwaggo Sanatu, ƙanwar babana, ta shekara talatin tana haɗa man kaɗanya. Wata mai kamfanin sabulu a Accra ta ce tana son ganin bidiyon man da kuma na ofishin Gwaggo kafin Juma'a, in ba haka ba, za ta nemi wasu. Gwaggo ba ta da ofis. Ni kuwa na dawo daga Turkiyya da digirin kasuwanci, ba aikin yi.

Na kwashe kayan ɗakin baƙi, na rataya labulen. Na rufe tagogi saboda kukan awaki, na kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Bashiratu, 'yar Gwaggo, ta kawo ƙwarya huɗu cike da curin mai, aikin mako guda. Na jera curin a kan tebur, na matso da fitila.

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Imurana, nan za su zauna?"

"Nan haske ya fi kyau, Gwaggo."

"To."

Ƙarfe ɗaya na rana ne, ga rufin kwano. Na ɗauki fiye da awa ina gyara mata zama da mayafi, ina sa ta maimaita gaisuwar Turanci. Tana zufa, ba ta yi ƙorafi ba. Ina duban waya sai na ga teburin yana ƙyalli. Curin sun kwanta. Mai na bin ƙafar tebur yana ɗiga a siminti.

Bashiratu ta riƙe ciki tana dariya. "Yaya Bature! A Turkiyya mai ba ya narkewa ne?"

"A sa a firji," na ce.

"Zai daskare da tsaki-tsaki," in ji Gwaggo. "Mai saye da yatsa take dubawa."

"Kin san haka za a yi?"

"Tun da ka rufe taga."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni? Wata uku kana zaune a gida. Yau na ga ka tashi da ƙarfinka, na ce a bar yaro."

Ta miƙe daga kujerar, ta tattare zani don kada ya taɓa man.

"Ƙwarya biyar na yi. Ɗaya na gindin randa, na rufe da ganye. Ita kaɗai ta rage mana."

Na zare wayar daga sandarta, na kashe fitila. Muka fito tsakar gida, na ja ƙofar ɗakin na rufe.

"Gobe da sassafe za mu ɗauka, a gindin randar," na ce. "Ke za ki gaya min inda zan tsaya."