Firjin da Ke Kusurwa

Wari ne ya tari Muntasir tun daga ƙofar ɗakin bincike, ranar Litinin bayan hutun Sallah. Firjin da ke kusurwa ya yi tsit, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa.

A ciki akwai kashin damisar Siberiya talatin da bakwai, wanda masu gadin daji a gabashin Rasha suka yi hunturu biyu suna tsinta cikin ƙanƙara. Dabba ce mai yawo ita kaɗai, namiji guda kan riƙe dajin da ya fi birnin Kano faɗi. 'Yan ɗaruruwa suka rage, ga cutar karnuka ta shige su. Digirinsa na uku kacokan a kan bin sawun cutar nan yake, kuma saura wata huɗu tallafin karatunsa ya ƙare.

Ya dubi bango. Makunnin a kashe yake.

Sai ya tuna. Ranar Laraba shi ne na ƙarshen fita, yana saurin kama jirgin ƙasa. Hannunsa ya bi bango yana kashe komai, yadda aka koya masa a gida, a Gwammaja, kada a dawo da wuta da ƙarfi ta ƙona kaya. Shekararsa uku yana karatu a ƙasar waje, a nan Bukit Jalil, bai taɓa ganin an ɗauke ta ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Turai.

"Baban Rumaisa, ka yo mana tapau, ka ƙunso mana abinci a shagon mamak, yau ban ɗora tukunya ba. Ko kashin kyanwar taka ya ƙosar da kai?"

"Ya lalace, Turai."

"Kashi ai da ma lalatacce ne."

"Na kashe firjin."

"Kai da hannunka?"

"Ni."

"To su aiko wani mana. Damisar ta daina kashi ne?"

"Tara a cikin masu kashin sun riga sun mutu. Takardar shigo da shi kaɗai shekara ta ci."

"Ka ce wa Farfesa wuta aka ɗauke."

"A garin nan? Wa zai yarda?"

Ya ajiye wayar.

Ya sa safar hannu, ya buɗe firjin. Robar farko an rubuta mata: mace, da 'ya'ya biyu. Ya jefa ta a jakar shara, ya ɗauki ta biyu.