Lemun Tsamin da Na Shafa wa Hamsatu

A lokacin na yi shekara goma sha ɗaya ina sayar da fura a unguwar Yara, kuma duk Keffi an san furar Huraira. Gaskiya rabin sunan nan ba nawa ba ne. Na nonon Hamsatu ne, wata Bafillatana da rugarsu ke hanyar Gitata. Kullum hantsi take iso da ƙwaryarta, ta sauke a zaurena, ta ce wai gerona ne ke ɓata mata nono. Ni kuma in ce da ba don ni ba, sai dai ta ba maruƙa su sha. Haka muke, ita ta ce mini Yaya, ni in ce mata ƙawa.

A shekarar da agana ta shigo gari da rani, Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar nan ba. Aka fara binne yara a unguwar Gangaren Tudu, sai Bature ya sa aka rufe kasuwa kwana shida. Nama ya ruɓe a hannun mahauta, fatake suka juya da jakunansu, gidajen da agana ba ta shiga ba yunwa ta leƙa su. Da aka ga abin ba zai yiwu ba, aka buɗe kasuwa da sharaɗi: ba mai shiga da kaya sai an yi masa lamba a dantse. Wani Malam Dogara aka zaunar a bakin kasuwa da 'yar wuƙarsa da kwalba, yana tsaga fata yana ɗiga magani. Ni ba a taɓa ni ba, don na yi agana tun ina yarinya, kuma wanda ya yi ta ba ya sakewa.

To, lamba idan ta kama, hannu kumbura yake, ga zazzaɓi, mutum ya yi mako bai ɗaga ko ludayi ba. Masu tsaron kasuwa kuwa tsagar kawai suke dubawa, ba ruwansu da ta kama ko ba ta kama ba. Mutanen gari ai ba a koya musu wayo. Kafin kwana uku kowa ya san idan ka matsa lemun tsami a wurin nan take, maganin ya mutu, tsagar tana nan. Mai lemo bai taɓa ciniki irin na makon nan ba.

Ran da aka yi wa Hamsatu, ta shigo zaurena tana hura dantsenta.

"Yaya, sun ce hannun zai kumbura. Wa zai tatsa? Wa zai ɗauko ƙwarya?"

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba hannunta na tuna ba. Furata na tuna, da kwana shidan da na riga na yi ba ciniki, da mako guda da zan ƙara ba nono. Na yanka lemo na ce, "Kawo hannun, ƙawa. Ciwon Bature, maganin Bahaushe." Ta yi dariya ta miƙo, na matsa, na goge da bakin zanena.

Wata guda nono bai yanke ba. Ran nan hantsi ya yi, rana ta take, ba Hamsatu. Kwana uku ina zuba ido, sannan wata mai itace ta gaya mini agana ta kwantar da ita, an yi mata bukka can gefen ruga. Na rufe tukunya na kama hanya. Tunda cutar ba ta iya kama ni, ni na yi jinyarta, ina ɗiga mata ruwa a baki, ina kore mata ƙuda. Ta tashi, amma idanun ba su tashi da ita ba. Duka biyun suka tafi.

A duk kwanakin nan ba ta ambaci lemo ba ko sau ɗaya, ni ma ban ambata ba. Har na fara jin sanyi a raina, ina cewa Allah ya rufa asiri. 'Yan ruga sai sa mini albarka suke, mijinta Ɓoɗejo ya ce ko 'yar'uwa ta jini iyakar abin da za ta yi ke nan.

Ana haka Malam Dogara ya aiko cewa zai zo ruga ya yi wa yara lamba. Da yamma maza suka zauna a bakin garke, mu mata muna gefe, Hamsatu na jingine da ni. Ɓoɗejo ya ce, "Mu ba jahilan wannan abu ba ne. Mu ma muna tsaga wa shanu hanci mu sa musu cutar huhu kaɗan don kada babbar ta kashe su. Amma na Bature ba ya aiki. Ga Hamsatu, an yi mata, ku dube ta." Kowa ya gyaɗa kai. Aka tsayar da magana: gobe da asuba za a kora yara daji tare da shanu, mai lamba ya zo ya tarar da bukkoki. Yara goma sha huɗu ne a rugar nan, uku na Hamsatu.

Na ji ta damƙe mini hannu. Har yau ban sani ba, cewa take in yi shiru ko in yi magana. Na san abin da zan rasa. Na dai miƙe na fuskanci Ɓoɗejo.

"Baffa, lambar ba ta da laifi. Ba ta kama ba ne. Ni na matsa mata lemun tsami da hannuna, don kada nono ya yanke mini."

Na so a zage ni, wallahi da zagi ya fi mini sauƙi, amma Fulani ba su ba ni wannan ba. Ɓoɗejo ya juya ya ce da ƙaninsa, "Kada a fita da yaran gobe." Ni bai dube ni ba. Hamsatu ce kaɗai ta yi magana, a hankali.

"Ni na miƙa hannun, Yaya."

Washegari aka yi wa yaran lamba, dukansu. Na tsaya daga nesa har aka gama, sannan na ɗaura ɗan ƙunshina. Ba wanda ya raka ni ko bakin garke. Hannayen sun kumbura, an ce mako guda rugar ba mai kora maruƙa, kuma ba yaro ko ɗaya da agana ta taɓa. Da damina ta faɗi suka tashi, ba su biyo ta Yara ba.

Na ci gaba da fura da nonon wasu, masu saye suna cewa ba kamar da ba, ni kuma ba na musu. Shekara talatin ke nan, duk Bafillatanar da ta sauke ƙwarya a zaurena sai na tambaye ta ko ta san wata makauniya Hamsatu matar Ɓoɗejo. Har yau ban sami wadda ta sani ba.