Shuɗiyar Motar Ɗalha

Ɗalha mai gyaran injin niƙa ne a Magariya. Daga Bande har Mallawa, in inji ya tsaya shi ake aika wa. A shekarar 1976 wani Nasara ma'aikacin gona, wanda Ɗalha ya daɗe yana gyara wa famfon ruwa, ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa wata ƙaramar Reno mai ruwan toka da ta gaji, haɗe da kwali guda na mujallun motoci.

Ɗalha bai wuce aji huɗu a lakwal, makarantar boko, ba, faransancinsa bai kai ya karanta mujallun sosai ba, amma hotunan sun ishe shi. A cikinsu akwai wata mota irin tasa sak, sai dai ita shuɗiya ce, da zane biyu farare tun daga hanci har baya, fitilu huɗu a goshi, ga ta a sama ta tsallake wani tudu, tayoyinta duka huɗu ba su taɓa ƙasa ba. Ya yage shafin ya liƙa a bangon rumfar da yake aiki.

Gidansa yana bakin gari ta arewa, da fili babba a ciki. Nan ya tura motar, ya kewaye ta da zana, ya shiga aiki duk yammacin da ba a kira shi gyara ba. Ya fara da cire kujerar baya don motar ta rage nauyi. Ya ɗaga ta daga ƙasa kamar taƙi guda, ya ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu. Ya kwance karbireta ya buɗa ƙofofin mai da siririyar waya, ya mayar, ya sake kwancewa, har sai da injin ya riƙa amsawa da an taɓa shi. Tsohon bel ɗin injin niƙa ya yayyanka ya rataya a bayan tayoyi. Ƙarafan da ake kafawa a cikin irin waɗannan motoci don kare direba in an kife, abokinsa Hudu mai walda ne ya lanƙwasa masa su da bututun famfo. Hudu ya yi ta dariya yana aikin, yana cewa bai taɓa ganin wanda ya gina wa kansa keji ya shiga ba.

Matar Ɗalha, Maijidda, ba ta hana shi ba. Abin da ta yi magana a kai ɗaya ne, ranar da ya yanke tukunyar da ke rage ƙarar hayaƙi ya bar bututun tsirara. Da ya tayar da injin, awakinta suka tsinke igiya, kaji suka haye katanga. Ta ce masa wannan ƙara ba ta cikin mutane ba ce. Ya ce ai ta jeji ce, can zai kai ta.

Fenti ya zo daga Kano a hannun wani ɗan uwansa. Ya shafa shuɗin sau uku, ya ja fararen zanen biyu da igiya don kada su karkace, ya zagaye farin da'ira a kowace ƙofa ya rubuta 27 a ciki. Wata bakwai aikin ya ci. In ban da Hudu da Maijidda, babu wanda ya ga motar tun da ta sauya kama.

Wata Talata cikin bazara, da aka sallame asuba, ya buɗe zana ya fita da ita hanyar Bande. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, a da in ya hau ta sai haƙoransa su yi ta haɗuwa. Ran nan da ya taka mai, motar ta haye saman gargadar ta miƙe sumul. Allura ta wuce tamanin, ta wuce casa'in. Ya ji kansa yana dariya shi kaɗai.

Bayan wata kwana ya hango amalanken shanu a gefen dama, cike da taki, wani tsoho a zaune bisa. Akwai fili isasshe, don haka bai rage gudu ba. Yana daidai da su ya sauya giya, bututun ya yi wata irin ƙara kamar an harba bindiga. A madubi ya ga shanun biyu sun zabura sun yi cikin kwari, amalanken ya daki kututture ya kife, tsohon ya ɓace a ƙarƙashinsa.

Ƙafarsa ta sauka daga kan mai. Ya kai ta kan birki, bai taka ba. Ya ce wa kansa ai akwai mutane a gonaki, za su zo. Ya ce wa kansa in ya tsaya a wannan mota, kafin azahar yana hannun jandarma. Kafin ya gama wannan tunani ya yi nisa. Ya saki hanya ya bi ta turbar shanu ya zagayo gida ta baya, ya shigar da motar, ya rufe ta da tabarmi.

Maijidda ta tambaye shi yadda ta yi gudu. Ya ce da sauran gyara.

Kafin la'asar labari ya shigo gari. Tsohon sunansa Ɗantsoho, manomi ne a wani ƙauye kusa da Bande. Ya karye a cinya, sa ɗaya kuma ya karya ƙafa an yanka shi nan take. Waɗanda suka hango motar daga gona sun ce shuɗiya ce mai lamba a jiki, irin ta Nasarun nan da ake labarin suna tsere su ratsa hamada. Jandarma suka aika tambaya Damagaram, ba a ji wanda ya ga irinta ba, maganar ta kwanta.

Ba ta kwanta wa Ɗalha ba. Ya daina shiga bayan zana. In an kira shi gyara a Bande sai ya ce ba shi da lafiya. Abinci ya rage ci, Maijidda ta riƙa ɗauke kwano da rabin tuwo, ya kuma lura ta daina shanya wanki a kusa da motar. Abin da ya fi damunsa, wani lokaci yana tsakiyar aiki sai daɗin gudun nan ya faɗo masa, yadda sitiyari ya yi sauƙi a hannunsa, sai ya ji kunya ta rufe shi kamar wani ya gan shi.

Hudu bai zo gidan ba sai bayan mako biyu. Ya zauna a rumfa, ya sha ruwa, suka yi hirar zafi da tsadar iskar walda. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗalha, ni ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Amma ƙarafan nan da hannuna na lanƙwasa su, ni ma ba na barci." Ya sa takalmansa ya tafi.

Duk da haka sai da Ɗalha ya ƙara kwana uku. Ranar Jumma'a ya hau keke ya nufi ƙauyen. Ya tarar da Ɗantsoho kwance a zaure bisa tabarma, an ɗaure cinyar da karare da tsumma irin na masu ɗori. Matarsa Gaji tana zaune a gefe tana kore masa ƙuda. Ba su da ɗa namiji a gida, 'ya'yansu mata duk suna gidajen aure. Suka karɓe shi da fara'a, don sun san shi, shi ke gyara injin ƙauyen. Gaji ta kawo masa fura.

Bai iya sha ba. Ya ajiye ƙwaryar ya ce, "Baba, motar nan ba ta Nasara ba ce. Tawa ce, ni ne a ciki. Na ga kun kife, ban tsaya ba."

Gaji ta miƙe, ta ɗauke ƙwaryar daga gabansa, ta shige cikin gida. Ɗantsoho ya daɗe yana kallon rufin zauren. Daga baya ya tambaye shi ko shi ya ƙera motar da kansa. Ɗalha ya ce shi ne. Tsohon ya ce ba zai kai shi gaban jandarma ba, don ɗaure shi ba zai ɗora masa ƙafa ba, amma kada ya roƙe shi gafara yau, bai shirya ba.

Ɗalha ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya kai shi likita a Damagaram a ɗauki hoton ƙafar. Da ƙyar suka yarda, sai da mai gari ya sa baki. Ɗalha ya koma gida ya nemo tukunyar hayaƙin a cikin tarkace, Hudu ya mayar da ita. Suka yanke ƙarafan ciki, suka mayar da kujerar baya. Fentin ne bai samu lokacin kankarewa ba, don haka ranar Litinin da hantsi ya fito da motar shuɗiya, da lambarta, ya ratsa ta gaban kasuwa a hankali. Mutane suka tsaya cak suna kallo. Babu wanda ya buƙaci a yi masa bayani.

A Damagaram likitan ya ɗaga hoton ga hasken taga ya nuna masa. Ƙashin ya riga ya kama, amma a karkace, guntun sama ya hau na ƙasa. Ya ce da an kawo shi a kwana biyu ko ukun farko, da an ja ƙafar ta daidaita. Yanzu sai dai a sake karyawa, kuma a shekarunsa ba zai ba da wannan shawara ba. Zai yi tafiya, amma da sanda, kuma ƙafar za ta gajarce. Ya tambayi Ɗalha me ya sa suka daɗe haka. Ɗalha ya ce laifinsa ne, likitan ya ɗauka maganar ɗa ce a kan ubansa, ya ce ya yi haƙuri.

Ɗalha ne ya fassara wa tsohon maganar likitan, bai rage komai ba.

A hanyar dawowa sun wuce rabin tafiya, Ɗantsoho yana kwance a kujerar baya, ƙafar a miƙe bisa matashi. Can ya ce, "Ɗalha, ran nan wa kake bi?"

"Ba kowa, Baba."

"To wa ke bin ka?"

"Ba kowa."

Tsohon ya ce shi duk kwanakin nan yana kwance yana zaton mai motar yana da wata lalura ce, ko mara lafiya ya ɗauko, ko mutuwa aka yi masa. Ya ce da hakan ya fi masa sauƙi.

Da ruwa ya sauka, Ɗalha ya rufe rumfarsa kwana uku a kowane mako ya tafi ƙauyen da hauya. Ya kai musu wani sa a madadin wanda aka yanka. Shi ya yi shuka, ya yi noman farko da maimai, hannuwansa da suka saba da sifana suka yi kanta suka fashe. A gari wasu suka daina ba shi aiki, wasu suka ce ya yi abin da ya kamata, mafi yawa suka manta kafin kaka.

Ɗantsoho ya tashi da sanda, yana ɗingishi sosai, bai sake hawa amalanke ba. Ranar da aka ɗaure gero ya zo bakin gona, ya zauna a inuwar gawo, ya kira Ɗalha ya ce ya yafe masa karayar, don wannan tsautsayi ne. Rashin tsayawar kuwa, ya ce yana nan yana ƙoƙari. Gaji ba ta taɓa amsa gaisuwarsa ba. Takan aiko masa da abinci gona ta hannun maƙwabciya, shi ke nan.

Damina uku ya yi yana noma musu, har mijin ƙaramar 'yarsu ya dawo daga Najeriya ya karɓi gonar.