Sakan Sittin na Pak Sarwoto

Dokar kamfanin a rubuce take, kuma Retno ce ma ta rubuta ta da hannunta: duk wanda ya bar aiki, a rufe sunansa a rumbun sharuɗɗa kafin rana ta faɗi. Rumbun nan amanarta ne shekara goma sha ɗaya. A cikinsa injiniyoyi ke ajiye duk abin da ake so shingen mararrabar jirgin ƙasa ya yi, yaushe ƙararrawa za ta kaɗa, yaushe sanda za ta sauka ta tare hanya. Sharaɗi dubu huɗu da 'yan kai, kowanne da lambarsa da sunan wanda ya sa masa hannu. Ita ke ba da izinin shiga, ita ke janyewa, kuma ko kai wane ne sai ka bi ta teburinta.

To, shi Pak Sarwoto, wato Malam Sarwoto a yarensu, babban injiniyansu, ba barin aiki ya yi ba. Rasuwa ya yi.

A ofishinsu na birnin Semarang ba a taɓa kayan mamaci sai an yi arba'in. Kofin shayinsa na nan da murfinsa, silifas ɗin alwalarsa na ƙarƙashin tebur, mai shara ma kewaye wurin take yi. Ranar da aka dawo daga maƙabarta Retno ta buɗe shafinsa, ta ɗora yatsa a kan maɓallin rufewa, ta kasa. Mutumin da ya ɗauke ta aiki, ya koya mata komai, yana kiranta 'yar gadi don tsokana, shi za ta kora tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Ta ce a ranta, a bari sai arba'in. Wa zai shiga da sunan mamaci?

Ashe akwai.

Ranar talatin da takwas, tana duba rajistar shige da fice kamar yadda ta saba, sai ta ci karo da wani canji. Sharaɗi na 317, wanda ya ce sanda ta sauka sakan sittin kafin isowar jirgi, an mayar da shi talatin da biyar. Wanda ya amince kuwa Sarwoto ne, kwana ashirin da shida bayan an binne shi. Kowa ya san tsohon yana liƙa kalmar sirrinsa a gindin kofinsa, ta yi masa faɗa har ta gaji. Rajista ta nuna daga kwamfutar manaja, Pak Hartoyo, aka shiga.

Ta hau sama ta same shi. Bai ko yi musu ba. Ya zuba mata shayi, ya ce masu kwangila sun ishe shi da ƙorafin cunkoson motoci, kuma sakan talatin da biyar ya ishi duk mai hankali. Marigayi, Allah ya jiƙansa, taurin kai ne kawai gare shi. In ya jira a naɗa sabon babban injiniya, wata uku za a yi aiki na tsaye, alhali ranar Juma'a za a tura zanen shingen zuwa ma'aikata.

"Ranka ya daɗe, ai ya ƙi wannan sau biyu yana raye," in ji ta.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe, Retno? Ni ko ke?" Ya yi maganar a hankali, har da murmushi. "Masu bincike na Jakarta ba su san ranar da ya rasu ba, ranar da kika rufe kawai za su gani. Ki sa Juma'a a matsayin ranar da ya bar aiki, mu duka mu huta. In kika sa wata rana, ke za su fara sallama, kina da 'ya'ya biyu a makaranta."

Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. In za a rufe suna, rumbun yakan nemi ranar barin aiki. Duk sa hannun da ya biyo bayan ranar sai ya rushe, rahoto ya tafi wurin masu bincike kai tsaye, ɗauke da sunan mai gadin da ta yi sakaci. Ita ta tsara shi haka, tana ta alfahari.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka yi addu'ar arba'in a gidan marigayin. Maza a tabarma a tsakar gida, Hartoyo a sahun gaba yana ta jan carbi. Retno na ciki tana taya matar marigayin, Bu Lasmi, wato Mama Lasmi, cika kwalayen sadaka da shinkafa da ƙwai da taliya. Tsohuwar ta riƙa hirarsa. Wai duk Lahadi, maimakon ya kai ta gidan jikoki, sai ya ɗauki agogo ya tafi mararrabar bayan kasuwa ya tsugunna, yana lissafa tsawon lokacin da mutane ke ɗauka kafin su tsallake layin dogo. Akwai wani dattijo mai keken haya, in ya yi lodin kabeji, sakan hamsin da biyu yake yi, ƙafar keken na maƙalewa a tsakanin ƙarafa. Har cewa take yi da shi ya je ya tare a can, tunda mai keken ya fi ta daraja.

Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta kama hannun Retno.

"An ce ke kika hana a goge sunansa a wurin aiki. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin rufa masa asiri."

Retno ta ce amin. Kunya ta ji irin wadda ba ta taɓa ji ba, da tsoro kuma, don ta san abin da ke jiranta gobe.

Da safe ta riga kowa zuwa ofis. Ta ɗauki kofin ta ɓare takardar da ke gindinsa, ta wanke shi tas, ta sa a leda tare da silifas ɗin don a kai wa Bu Lasmi. Sannan ta zauna ta buɗe shafinsa. Rumbun ya tambaye ta ranar barin aiki. Ta tuna 'ya'yanta, ta daɗe tana kallon gurbin. Ta rubuta ranar da suka sa shi a ƙasa.

A gurbin dalilin jinkiri ta rubuta cewa laifinta ne, ta san doka, ta kasa. Ta danna.

Ba a yi minti biyar ba wayar teburinta ta fara ruri daga sama. Ba ta ɗauka ba tukuna. Ta buɗe sharaɗi na 317 ta duba. Sittin ta dawo, kuma a ƙarƙashinta ga sunan Sarwoto, da kwanan watan da ya sa hannu yana raye.