Kunnen Dogo na Dama

Kaf garejin nan babu mai kunnen Dogo. Shekararsa ashirin da huɗu kacal, amma in mota ta gagari kowa, shi Maigida yake ƙwala wa kira. Sai ya ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnen dama, ya lumshe ido kamar mai jin gulma, ya ce boris ne, ko fistin ne. Na hagun tun yana yaro ba ya ji sosai, don haka abincinsa duk a na daman yake.

Mura ce fa, 'yar mura! Bayan ta wuce sai kunnen daman ya kama zugi. Mai kemis ko leƙawa bai yi ba, ya zuba masa kafso a leda ya ce ya sha kwana bakwai. To kafson nan ɓata ciki yake yi, garejin kuwa ba banɗaki. Sai ka tsallaka titi ka roƙi makulli a gidan mai, abokan aiki suna ƙirga maka sawu suna sheƙa dariya.

"Dogo, na shida ke nan! Ko can ka koma aiki?"

Rana ta uku zugi ya lafa, ya watsar da sauran kafson. Bayan wata biyu ciwo ya dawo, ya sake saye, ya sake watsarwa. Sau huɗu ana haka. A na biyar ya daure ya shanye tas, wallahi ko gezau. Da safe ya tarar da matashinsa ya jiƙe da ruwan mugunya mai wari.

A asibiti likita ta ɗebi mugunyar da tsinken auduga ta aika gwaji. Da sakamako ya fito ta juya masa takardar.

"Ƙwayoyin cuta ne suka hau daga maƙogwaro suka zauna bayan dodon kunnenka. An gwada musu magani shida, biyar ba su ji ba. Duk ran da ka sha rabi ka bari, raunanan ka kashe, ka bar wa masu taurin kai gida."

"Amma jin zai dawo, ko likita?"

Ta ce allura za ta tsayar da ruwan. Dodon kunnen dai ya huje, kuma cutar ta ci ƙananan ƙasusuwan da ke bayansa. Ya so ya gaya mata zancen makullin gidan mai, kunya ta hana shi. Ya tashi ya kama hanyar gida.

Ruwan ya tsaya, ya koma aiki. Wata hajiya ta kawo mota tana cewa akwai ƙara a gaba. Ya sunkuya ya daɗe, ya ɗago ya ce lafiya lau. Daga can bakin rumfa mai walda ya ce, "Haba Dogo, ni nan ina jin ta."

Maigida bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Da yamma ya dafa kafaɗarsa ya kai shi ɗakin injin ba taya iska, inda kowa yake gudu saboda rugugi. Ya zagayo ta hagunsa ya ɗaga murya.

"Daga gobe nan za ka zauna. Kai ai ba zai dame ka ba."