Sunan Aro a Filin Batir

Ƙarfen da Ubale ya ɗaga ya sauka a kan gilashin motar Hamad, gilashin ya tarwatse. Kafin tsoho Gwadabe ya ƙetare filin, matasa sun riga sun fizgo jami'in inshora daga kujerar baya, sun fasa masa baki, kwalaben da ya ɗibi ƙasa a cikinsu suna birgima a ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Ubale! Ajiye ƙarfen nan!"

"Wallahi Baba ba zan ajiye ba," in ji ɗan nasa. "Yau awon ƙasa, gobe motar jawazat ta 'yan shige da fice ta zo ta kwashe marasa takardar zama ta iƙama. Halas, shi ke nan, mun gane!"

A wannan fili na unguwar Sa'alaba, a ƙasa mai tsarki, marigayi mahaifin Hamad, wani Balarabe, ya yi shekaru yana sa a fasa tsofaffin batiran mota ana ciro dalma. A shekarar 1979 babban tankin ruwan batir ya fashe, ƙasa ta shanye. Shekara ashirin da biyar ke nan ko ciyawa ba ta tsiro ba, amma gidajen Hausawa sun kewaye wurin, kuma a nan 'ya'yansu suke wasa. Sauda, 'yar Ubale, ta cika shekara biyar ba ta furta kalma ba. Likita ya ce dalma ce a jininta.

Hukumar birni ta umarci Hamad ya kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aikin da ya fi ƙarfin abin da ya gada. Lauyansa ne ya tono tsohuwar inshorar da mahaifin ya yanka tun wancan zamani. Kamfanin ya amince zai biya, da sharaɗin wanda ya gani da idonsa ya tsaya gaban alƙali ya shaida cewa tankin ya fashe ne a shekarun da inshorar take aiki. Ma'aikatan lokacin kuwa, wasu sun rasu, wasu an mayar da su gida. Gwadabe kaɗai ya rage.

Hamad ya fito daga motar jini na bin goshinsa, riƙe da ƙarfen kwance taya. Ya kai wa wani matashi duka a haƙarƙari, matashin ya kifa, fuskarsa ta nutse cikin baƙar ƙasar. Mata suka saki ihu daga ƙofofin gidaje, duwatsu suka fara sauka a rufin motar. Ubale ya shaƙe Hamad, ya buga kansa da murfin mota har sau biyu, sannan ya ja baya ya ɗaga ƙarfensa da hannu biyu.

Gwadabe ya miƙa hannunsa na dama ya tare.

Kowa ya ji ƙarar ƙashin. Tsohon ya durƙusa, amma bai yi ƙara ba. Ƙarfen ya suɓuce daga hannun Ubale.

"Baba... Innalillahi! Baba, ban ganka ba."

"Ka ganni. Zauna."

Hamad ya jingina da mota yana haki. "Ya ammi, Baffa Othman, na rantse ban kira jawazat ba. Shaidarka kawai nake roƙo."

Othman ba sunan tsohon ba ne. Da ya zo hajji a 1976 ya ƙi komawa, sai ya bi al'adar da ya tarar: ya karɓi iƙamar wani Othman da ya koma Katsina, ya yi aiki da ita, ya amsa sunan har ya zauna masa. Takardar ta mutu tuntuni, sunan ne ya rage.

Jami'in inshora ya tofar da jini, ya yi magana da Larabci. Ya ce alƙali ba zai karɓi shaida ba sai mutum ya bayyana ko shi wane ne, da yadda ya shigo ƙasar.

"Ka ji ko, Baba?" in ji Ubale yana hawaye. "Daga kotu sai jirgi. Wa ka sani a Najeriya yanzu? Wa zai binne ka?"

Gwadabe ya tallafi karyayyen hannun, ya dubi matasan ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ba ku san abin da aka yi kafin ku ba. Shekarar da amai da gudawa suka shigo unguwar nan, Malam Lado ne ya taka da ƙafarsa ya sanar da hukuma, yana sane ba shi da takarda. An mayar da shi gida, aka kawo mana famfo. Da gobara ta tashi a layin tanda, Hussaini mai ɗinki ne ya tsaya ya yi wa 'yan sanda bayani. Shi ma an tafi da shi. Ba a taɓa jin wanda ya ɗauki ƙarfe ba. A unguwar nan dattijo ne yake zuwa, kuma yau ni ne dattijon."

Ya ɗage wandonsa da hannu mai lafiya. Daga gwiwa zuwa idon sawu fatar a tamuke take, fara fat, inda ruwan batir ya ci ranar da tankin ya fashe. Jami'in ya daɗe yana kallo.

"Rubuta," in ji tsohon. "Gwadabe ɗan Mamman, mutumin Ɗambatta."

Hamad ya buɗe baki. "Gwa... wa?"

"Za ka iya, a hankali. Yalla, maza fara kai ni asibiti a ɗaure hannun nan, kada in rantse gaban alƙali da hagu."

Ubale ya kama shi zai ɗaga, tsohon ya girgiza kai.

"Kai je gida. Ka ce wa uwarka Fatu ta sauko da koriyar jakar alhazai da ke saman sif, ta kakkaɓe ta. Hajjin nan ya yi tsawo."