Fili a Tsakiyar Zobe

A ofishin masu binciken laifi 'Yar Taswira ake ce mata, don ita ba ta bin ɓarawo da gudu. Aikinta ta zuba wa kwamfuta bayanin duk inda aka yi ta'asa, ta fito da kamannin mai yin ta. Wannan karon tsofaffin mata ake shaƙewa a ɗakunansu, da rana tsaka, kuma ba a taɓa ɓalle ƙofa ba.

Da jajayen ɗigon wuraren kisan suka cika taswirar garin, sai ga shi sun yi zobe, tsakiyarsa fayau. Ta san ma'anar wannan sarai: irin waɗannan mutane ba sa ɓarna kusa da gida, gudun idon sani. Mutumin yana zaune cikin filin nan, kuma sana'arsa irin wadda ake buɗe wa ƙofa ce har a kawo ruwan sha. Abin da ya tsaya mata a rai, layinsu ma yana ciki.

Shugabanta ya yi tafiya, sai ta ce za ta riƙe maganar har ya dawo. To, amma baki! Ran nan yayanta, mai gyaran firiji da ke zaune a layin nasu, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya zo ɗaukarta a babur kamar kullum. Ya yi ta tsokanarta, wai ana biyanta don ta zauna kallon talabijin. Haushi ya kwashe ta, ta zayyana masa zoben da filin kaf, don dai ya san ba wasa take yi ba. Ya yi dariya, ya ce Allah ya tona asirin mugu.

Ko mijinta ba ta faɗa wa ba.

Ba a jima ba aka tsinci gawar tsohuwar da ke ƙarshen layinsu. Da hannunta ta sa sabon ɗigon, ya faɗa tsakiyar filin cif, kamar an auna. Mutumin da bai taɓa saɓa ƙa'idarsa ba, yau ya saɓa, don ya ɓata mata lissafi. Ta bi kowa na ofis da tunani, ko akwai wanda ya leƙa taswirar nan. Babu. Tsoro ya kama ta, ta dinga roƙon Allah ya sa ita ce ta yi kuskure.

Wayarta ta yi ƙara. Yayan ne, ya ce yana bakin ƙofa.

"Fito mu tafi, Auta," in ji shi. "Ina labarin zoben naki? Har yanzu da fili a tsakiya?"